Dashe da Dasashi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Ya shugaban wannan taro, mai girma Furefen Agiye, shugaban gundumarmu. Ya wakilin Furefen Gidan Rumji, wanda ya yo sammako ya ratso Maradi domin ya zauna tare da mu. Ya mai martaba Sarki da 'yan majalisarsa. Limamanmu da malamanmu. Arɗo-arɗon rugagen da ke kewaye da mu. Likita Musbahu da abokan aikinsa, da suka ɗauko na'ura tun daga Yamai. Tsofaffin abokan aikina malaman lakol, makarantar boko. Iyayena mata da ke zaune can ƙarƙashin bishiyar bedi. Manoma da makiyaya da 'yan kasuwa. Har da 'yan kabu-kabun da suka kashe babura suka jingina da katanga: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Ilyasu Usman. Na karantar a lakol, daga baya na zama mai duba makarantu har na huta, shi ya sa rabin mutanen garin nan na Gazawa ke kirana Mushe, yadda ake kiran kowane malamin lakol a ƙasarmu. Ɗakin duba haƙora da ake buɗewa yau, sunan ɗiyata ke saman ƙofarsa. 'Yar fari ce, kuma kun san al'adarmu: bakina bai saba da sunanta ba. Shugaba ya faɗe shi ɗazu, allo kuma yana nan ga mai karatu. Likitar haƙora ce. Allah ya karɓi ranta a haɗarin mota tsakanin Cadawa da Agiye, a daminar bara waccan. Abin da zan faɗa a kan rasuwarta ke nan.

Ina gode wa hukuma, wadda a cikin wannan lokaci na riƙon ƙwarya, da aikin zaɓe ya cika mata hannu, ta sami sukunin ba mu ɗaki a asibitin garin nan. Ina gode wa magina da masu fenti. Ina gode wa Likita Musbahu, abokin karatun ɗiyata a Dakar, wanda babu abin da ya tilasta masa zuwa sai riƙon amana. Ina gode muku ku duka, domin na san yau akwai rumfunan jam'iyyu da ake kiɗa a cikinsu, kuka bar kiɗa kuka zo sauraron tsoho yana zancen haƙori.

Jama'a, yau ina cikin farin ciki, kuma zan gaya muku dalili. Amma kafin nan dole ku san cewa, duk da girman waɗanda na gaisar, mutum guda na zo yi wa jawabi. Ga ta can a bakin tabarmar mata, da ƙwaryarta a gefe: Gogo, mai kawo mana nono daga rugar arewacin gari.

Shekarun baya saniya ta kaɗa kai, ƙahonta ya fitar wa Gogo haƙorin gaba. Tana cikin mutum ashirin da 'yan kai, daga Gazawa da Cadawa da Gidan Rumji, waɗanda ɗiyata da malamanta suka kai Maradi suka dasa wa haƙori. Ni ma ina cikinsu. Ranar kasuwar da ta wuce na tsaya sayen nono, sai Gogo ta ce mini, "Baban Likita, na yi magana da mai cire haƙori na bakin tasha. In kasuwa ta sake ci, zai fitar mini da ƙarfen nan." Na ce, "Gogo, yana miki ciwo ne?" Ta ce, "Ko kaɗan. Amma an ce ƙarfen yana cin ƙashi a ɓoye." Na ce, "Wa ya ce?" Ta dube ni, ta ce, "Kowa. An ce kai ma ka sa an cire naka. In ba haka ba, me ya sa tun da yarinyar ta tafi ba wanda ya ga haƙorinka?"

Na koma gida na tambayi uwargidana, Hajiya Binta. Ta ce, "Malam, ai zancen ya daɗe. A gidan suna na ji shi, a gidan biki na ji shi. Na rasa ta inda zan fara gaya maka." Ashe shirun da na yi, wanda ni na ɗauka haƙuri ne, gari ya karanta shi a matsayin shaida. Na rufe bakina don kada abin da ke ƙirjina ya fito, mutane suka ce giɓi nake ɓoyewa.

Gogo ta yi mini alkawari guda: za ta zo taron nan ta ga bakina da idonta. In ta gamsu, za ta shiga ɗakin can a duba ta. In ba ta gamsu ba, gobe kasuwa. Ku ji ni da kyau, ku da kuke da irin niyyarta: haƙorin da aka dasa ba ya fita da awartaki. Saiwarsa ta riga ta haɗe da ƙashi sun zama abu guda. Wanda ya kama shi ya fizga, ba haƙori zai fitar ba, muƙamuƙi zai fasa. Wannan shi ne abin da ke gabanmu yau. Sauran duk abin da zan faɗa, domin shi zan faɗa.

Na farko, kalmar da muke kiran abin da ita.

Lokacin da ɗiyata ta dawo daga karatu, ta tarar mutane suna cewa haƙorin ƙarfe. Ba ta so sunan ba. Ta zauna da ni a zaure ta ce, "Baba, in na bar su suna cewa ƙarfe, ƙarfe za su riƙa kallo, kuma ƙarfe ba shi ne abin kallo ba. Dashe zan ce. Kuma duba: naman da ke riƙe haƙori, ai dasashi sunansa. Kakanninmu sun riga ni: dasashi, wurin dashe!" Ni da na ƙarar da ƙuruciyata a kan nahawun Hausa, na gyara zama na ce mata kalmomin nan biyu ba tushensu ɗaya ba, domin wasalin farko na dasashi dogo ne, na dasa kuwa gajere. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Na yarda, Baba, ba 'yan uwa ba ne. Maƙwabta ne. Maƙwabtakar nake so mutane su riƙe."

Har yanzu ina kan bakana a fannin nahawu. A fannin baki kuwa, ita ce da gaskiya. Duk manomin da ke nan ya san dashe. Idan ka ciro hatsi inda ya yi cunkoso ka kai shi inda ya yi giɓi, ba ka tambayar ko karan yana da ƙarfi. Abin da kake tambaya shi ne, ƙasa ta karɓe shi? Ta rufe wuyansa? Ruwa bai zaizaye gindinsa ba? To haka haƙorin nan yake. Saiwarsa wani ƙarfe ne da ake ce wa titaniyam, ba ya tsatsa, jiki kuma ba ya ƙyamarsa. Ƙasar da aka dasa shi a ciki ita ce ƙashin muƙamuƙi, dasashi kuma shi ne saman ƙasar. Ƙarfen ba ya cin ƙashi, ba shi da bakin ci. Amma ƙashi yana iya janyewa ya bar ƙarfe a tsaye, kamar yadda ruwan indararo ke wanke ƙasa ya bar turke yana lilo. Ko ya janye ko ya zauna, wannan ya danganta da yadda aka ƙera abin, da yadda aka riƙe shi.

Na biyu, ƙirar. A nan ne aikin ɗiyata yake, kuma a nan ne nake roƙon ku ba ni aron kunnuwanku sosai, domin abu ne mai daɗin sani.

Saiwar tana da murɗi irin na bis, wanda kafinta ke ɗaure katako da shi. Jikinta kuma ba sumul ba ne, da gangan aka yi mata kaushi, domin ƙashi ya sami abin kamawa, yadda yaɓe ke kama bangon da aka karta ya ƙi kama wanda aka goge. A kusa da wuya, murɗin sai ya koma ƙanana ƙanana, kusa da juna. Me ya sa? Domin duk lokacin da ka tauna, nauyin taunar a bakin ƙashi yake fara sauka. Idan murɗin wurin manya ne, nauyin ya taru wuri guda, bakin ƙashin ya gaji ya janye. Idan ƙanana ne, sai su raba nauyin a tsakaninsu, kamar yadda mutane da yawa ke ɗaga jinka su ɗora wa rumbu ba wanda ƙugunsa ya amsa.

Sai wuyan kansa. Duk mai rumfa ya san dirka ba ta lalacewa a sama, ba ta lalacewa a can ƙarƙashin ƙasa. Daidai inda ta haɗu da ƙasa, nan gara ke samunta. Haƙorin dashe kashi biyu ne: saiwar da ke cikin ƙashi, da kan da ake ɗorawa a bisa. Inda suka haɗu akwai 'yar kafa, siririya ƙwarai, ido ba ya ganinta, amma ga ƙwayoyin cuta zaure ne mai faɗi. A tsohuwar ƙira, kan da saiwar faɗinsu ɗaya, saboda haka wannan kafa tana zaune daidai bakin ƙashi. Ƙashi kuwa ba ya son maƙwabtaka da ƙazanta. Sai ya ja baya, dasashi ya bi shi, ƙarfe ya bayyana. A ƙirar da ɗiyata ta zaɓa, an rage faɗin abin da ke ɗauke da kan, ya zama bai kai faɗin saiwar ba, kuma yana nutsewa cikinta ya toshe, kamar yadda marfi ke shiga bakin gora. Kafar ta matsa ciki, ta yi nisa da ƙashi. Sannan a kewayen wuyan sai aka sami ɗan fili da ya rage. Ɗiyata tana kiran wannan fili dakali. Takan ce, "Na bar wa dasashi dakali ya zauna." Dasashin da ya sami wurin zama yakan yi kauri, ya rungume wuyan, ya hana datti gangarawa. Ku dubi hikima, jama'a! Abin da ya raba ƙira da ƙira bai kai kaurin farce ba, amma a kan wannan ɗan abin lafiyar muƙamuƙin mutum take tsaye.

Akwai kuma siffar kan haƙorin. Idan ya fito daga dasashi a hankali, yana faɗaɗa kamar yadda Allah ya yi namu, asuwaki yana isa ko'ina a gindinsa. Idan kuwa aka yi shi da tumbi, ya yi wa dasashi rumfa kamar malfa, to ƙarƙashinsa ya zama ma'ajiyar tuwo. Kuma wasu da danƙo suke manna kan; idan ragowar danƙon ta maƙale ƙarƙashin dasashi, ta zama gidan ciwo. Namu da ɗan bis aka ɗaure, likita yana iya kwance shi ya wanke ya mayar.

Na uku, daga ina zancen cin ƙashi ya fito? Daga gidanmu ya fito. Ga shi can zaune a sahun gaba yana gyara rawani: Alhaji Chindo na Gidan Rumji, dillalin shanu, ɗan kawuna, taubashina. Na nemi izininsa kafin in faɗi wannan, ya ce in faɗa, in dai zan ambaci cewa ya fi ni kyau.

Alhaji ya kai shanu wani birni na bakin teku, ya ga allon mai haƙora, ya shiga, aka kafa masa nasa a zama guda, ya kamo hanya. Ba ɗiyata ta dasa ba. Hasali ma da ta ce ya bari ta duba, cewa ya yi yarinyar da ya goya ba za ta leƙa bakinsa ba. Tsohuwar ƙira ce, mai faɗin wuya, mai tumbi, an manna da danƙo. Bayan shekaru dasashin ya kumbura, ya fara jini, ya fara wari, har ranar da haƙorin ya faɗo cikin furarsa. Na tambaye shi, "Alhaji, kana goge gindinsa kuwa?" Ya ce, "Ilyasu, mi za ni goge ma ƙarhe? Haƙorin Makkan da anka sa min, ka taɓa ganin ya ruɓe? Wanga ma ƙarhe na, shina kula da kainai."

Ku yi dariya, ya halatta, taubashina ne. Amma wa ke nan da ba zai yi wannan lissafin ba? Mun saba da haƙorin Makka, wanda alhazai ke dawowa da shi. Shi kuwa riga ce aka sa wa haƙori mai rai, saiwarsa tana nan yadda Allah ya halicce ta. Dashe ba riga ba ne. Alhaji ya yi gaskiya da ya ce ƙarfensa bai ruɓe ba: ya nuna mini shi, yana ƙyalli kamar yau aka ƙera. Ƙasar ce ta tafi. Ƙira ta buɗe wa datti ƙofa, Alhaji ya bar ƙofar a buɗe, ya ƙara da garin taba a ƙarƙashin leɓe. Labarin ya fita daga karar shanu ta Gidan Rumji ya shiga mota, kafin ya iso Gazawa ya zama ƙarfe yana cin ƙashi, kuma ya zama ƙarfen ɗiyata.

Duk da haka, a cikin tsoron Gogo akwai gaskiya guda, kuma ba zan ɓoye ta ba. Ta ce a ɓoye. Wannan kalma daidai ce. Haƙorin da aka haife mu da shi a rataye yake cikin ƙashi da wasu siraran jijiyoyi, kamar ƙwarya a ragaya. Su ke ba shi ɗan motsi, su ke kawo maka labari idan wani abu ya taɓa shi. Haƙorin dashe ba shi da ragaya. Ba ya jin zafi, saboda haka ba ya kai ƙara. Ƙashin gindinsa yana iya raguwa shekara da shekaru mai shi yana tauna lafiya. Maganin abin da ke ɓoye kuwa ba fizge shi ba ne. A haska shi a gani. Shi ya sa ɗiyata ta ce wa kowannenmu ya riƙa dawowa duk shekara a ɗauki hoton ƙashinsa, hoton nan da muke ce wa radiyo ko da yake ba ya magana. Tun da ta rasu ba wanda ya koma, domin babu mai kira, sannan tsoro ya shigo.

Kuma ku sani, ba lafiyarku kaɗai ke rataye da wannan hoto ba. Littattafan da ɗiyata ta karanta, a kan bakunan wasu ƙasashe aka rubuta su, bakunan da ba su san goro ba, ba su san rake ba, ba su taɓa haɗuwa da busasshiyar ayar Cadawa ba, kuma da buroshi ake wanke su ba da asuwaki ba. Tambayar da ta ɗauka ita ce: ƙirar nan mai dakali, za ta riƙe ƙashi a bakin Bahaushe da Bafulatani? Amsar tana nan, a cikin bakunanku take. Likita Musbahu ya gaya mini ƙarara: idan mutanen suka zo aka duba su, malamansu za su kammala binciken, kuma za a riƙa turo likita ɗakin nan kowace shekara. Idan ba su zo ba, za a naɗe aikin, na'ura ta koma Yamai, ɗaki ya rage da allo a saman ƙofa. Jiya, tun kafin a buɗe ɗakin a hukumance, mutum kaɗan suka zo. Ɗaya daga cikinsu an tarar dasashinsa ya fara ja. Aka kwance kan, aka wanke, aka nuna masa yadda zai riƙa bi da asuwaki, ya tafi gida da haƙorinsa. Ban yi muku alkawarin kowa zai ji labari mai daɗi ba. Abin da na sani shi ne, abin da aka gani da wuri yana gyaruwa.

Yanzu ga dalilin farin cikina.

Yau da hantsi na shiga ɗakin can na zauna a kujera. Likita Musbahu ya ɗauki hoton, ya ɗaga shi wajen taga yana ta dubawa. Na ce, "Likita, faɗi abin da ka gani, na iya jin labari." Ya ce, "Baba, zo ka gani da kanka." Ga hoton a hannuna. Na san na baya ba za su hango ba, zan bar shi ya zaga. Wannan farin abu mai murɗi, ita ce saiwar. Wannan toka-tokan da ke kewaye da ita, ƙashina ne. Ku duba inda ya tsaya. Bai sauka ba! Bai bar murɗi ko ɗaya a waje ba! Ya rungume wuyan ta kowane gefe, har ya ɗan hau bisa dakalin ya zauna! Likita ya ajiye tsohon hoton, na ranar da aka dasa, kusa da na yau, muka duba, muka sake dubawa. Na tauna goro da haƙorin nan, na tauna kilishi, na tauna abin da likita ya hana da wanda bai hana ba, ƙashin tsoho mai furfura ya riƙe abin da yarinyar nan ta dasa, ya ƙi saki. Allahu akbar! Na duba makarantu shekaru masu yawa, na ga sakamako iri-iri, ban taɓa ganin wanda ya faranta mini rai kamar wannan ɗan baƙin hoto ba. Ta ce ƙashi zai zauna, ya zauna. Radiyo ya yi magana yau, jama'a!

Ga masu neman kujerar magajin gari, na hango wasunku a nan, kuma ina yi wa kowa fatan alheri. Ba na cikin jam'iyyar kowa. Roƙona guda: duk wanda ƙuri'a ta ba, ya bar ɗakin nan a buɗe, ya sa a riƙa share shi, kada ya mai da shi ma'ajiyar kujeru.

Amma Gogo ba hoto ta zo gani ba. Ta gaya mini ranar nan, "Ni ban san takarda ba. Nagge ma in zan saya, bakinta nake buɗewa." Gaskiyarki, Gogo. Ya shugaba, ya mai martaba, ku gafarce ni. Na san bai dace dattijo ya wage baki a gaban Sarki ba, kuma waɗanda na karantar sun san ban taɓa shiga aji da maɓalli a buɗe ba. Yau zan ajiye wannan.

Gogo, taso ki matso. Ku ba ta hanya. Matso sosai, ba na cizo. Nan gefen hagu, a ƙasa, na biyu daga ƙarshe. Kin gan shi? Dubi naman gindinsa: ba ja, ba kumburi, ba jini. Sa ido da kyau, yadda kike duba saniya.

Tana tambaya ko yana aiki. To, ga aya a aljihuna, busasshiya, ta Cadawa, jiya na saya. Mai lasifika, ƙara murya. Ku yi shiru.

Kun ji? Na baya, kun ji? Bari in ƙara ɗaya domin mutanen Gidan Rumji.

Alhaji Chindo yana cewa in rage masa. Da me za ka tauna, Alhaji?

To, kun ga abin da kuka ja. Kun sa ni dariya a gaban Furefe. Hajiya Binta, kin gani, ga haƙoran duka, ba wanda ya ɓace. Ku kalla da kyau, ku kai labari gidan suna da gidan biki, ku kai shi tasha, ku sa shi a motar da ta kawo wancan labarin.

Gogo, ina za ki? Ba nan tabarmarki take ba.

Likita Musbahu, tashi ka buɗe ƙofa. Ta ce a riƙe mata ƙwaryarta. Ga Haruna na Cadawa, wanda aka dasa wa tare da mu, shi ma ya miƙe, ga wasu biyu a bayansa. Ku bi a hankali, kujera ɗaya ce, kowa zai samu. Mai cire haƙori na bakin tasha, in kana nan, ka yi haƙuri, gobe ka rasa ciniki.

Ku ba ni ɗan lokaci.

Alhamdu lillahi. Bari in rufe da addu'a, tun muryata tana hannuna.

Ya Allah, ka saka wa duk wanda ya tako zuwa wurin nan da alheri, ka mai da kowa gidansa lafiya, na Gidan Rumji da na Cadawa da na Agiye da na ruga. Ya Allah, ka ba shugabanninmu ikon sauke amanar da ke wuyansu, ka sa zaɓen da ke tafe ya wuce cikin lumana, ka zaɓa mana masu tausayinmu. Ka albarkaci hannun likitocin nan, ka ba marasa lafiyarmu sauƙi, ka ba mu damina mai albarka, ka tsare matafiyanmu a kan hanya. Abin da aka dasa a bakunan bayinka, ka sa ƙasa ta riƙe shi.

Ya Allah, ka jiƙan iyayenmu da malamanmu da duk waɗanda suka riga mu. Tun da na riga na buɗe bakin yau, bari in ƙarasa.

Ya Allah, ka jiƙan Lubabatu.

Na gode.